Tsarin Gina Manhaja Bisa Hidima da Haɗa Ayyukan Gwamnati: Misali daga Iyakar Kongolam

1.0 Gabatarwa

Kongolam, wadda mutanen yankin ke kira Kwangwalam, gari ne a Ƙaramar Hukumar Mai'adua, cikin masarautar Daura ta Jihar Katsina. A nan ne titin da ya taso daga Kano, ya ratso Kazaure da Daura, yake fita daga Nijeriya. Da zarar matafiyi ya wuce shingen ƙarshe sai ya faɗa Ɗan Barto ta Jamhuriyar Nijar, daga nan sai Matamaye, har zuwa Damagaram. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wannan iyaka tsakanin 1906 da 1908, amma jama'ar da ke ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, kuma akwai auratayya a tsakaninsu.

An zaɓi wannan gari ne domin a yi bayani a kan wani al'amari da ya shafi kimiyyar kwamfuta, wato yadda ake haɗa na'urorin hukumomin gwamnati daban-daban su riƙa musayar bayanai a tsakaninsu. Dalilin zaɓen kuwa shi ne, da wuya a sami wurin da hukumomi masu yawa ke aiki a kan mutum ɗaya cikin ɗan ƙanƙanin fili kamar bakin iyaka. Za a bayyana matsalar da ake son warwarewa, da ma'anar tsarin gina manhaja bisa hidima, da inda Nijeriya ta kai a kansa, sannan a nuna inda abin ya taɓa malamin Hausa, domin kuwa ya taɓa shi fiye da yadda ake zato.

2.0 Kowace Hukuma da Rumbunta

A mashigar ƙasa irin ta Kongolam akan tarar da jami'an Kwastan masu kula da shige da ficen kaya da karɓar haraji, da jami'an Hukumar Shige da Fice masu duba takardun mutane. Akwai kuma 'yan sanda, da jami'an NDLEA masu yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, da ma'aikatan lafiya, da masu binciken lafiyar dabbobi da tsirrai. Kowace daga cikinsu doka ce ta kafa ta, kuma kowace tana da littafin da take rubuta abin da ya shafe ta.

A ɗauka direban babbar mota ya iso da lodin kaya zai ƙetara. Zai faɗi sunansa da lambar motarsa a wajen Kwastan, ya sake faɗa a wajen jami'in shige da fice, ya kuma maimaita a shingen gaba. Kowane jami'i zai rubuta abin da kunnensa ya jiye masa. A ƙarshe mutum ɗaya ya shiga littattafai huɗu ko biyar, wataƙila da rubutun suna iri uku, kuma babu littafin da ya san abin da ke cikin ɗan'uwansa.

Shigowar kwamfuta bai kawar da wannan hali ba, domin kowace hukuma ta sayi tata na'urar ne a lokacinta, daga kamfanin da ta ga dama, don biyan buƙatar kanta. Hukumar Kwastan ta daɗe tana aiki da manhajar ASYCUDA wadda wani reshe na Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ciniki, UNCTAD, ya samar. Daga baya ta koma NICIS, sannan a 2024 ta fara gwada wata sabuwa mai suna B'Odogwu. Ita kuwa Hukumar Shige da Fice ta karɓi manhajar MIDAS daga ƙungiyar kula da ƙaura ta duniya, IOM, aka kafa ta a filayen jiragen sama da mashigai da dama na kan tudu. Kowace daga cikin waɗannan manhajoji tana iya yin aikinta. Abin da ya rage shi ne ba a gina su tun farko domin su yi magana da juna ba. Sun zama tamkar rumbunan hatsi a gida ɗaya, kowane da mabuɗinsa, kuma babu wanda ya san jimillar abin da gidan ya mallaka.

Illar wannan ba ta tsaya ga ɓata lokaci ba. Hanyar Daura na cikin hanyoyin da masu safarar mutane ke bi da 'yan mata da samari zuwa Agadas, daga can su nufi Libiya, kuma jami'an shige da fice sun sha ceto irin waɗannan matasa a wannan yanki su miƙa su ga hukumar NAPTIP. Idan an taɓa kama wani mai safara a wata jiha, sunansa na kwance a rumbun wata hukuma, amma jami'in da ke tsaye a bakin iyaka ba shi da hanyar tambayar wannan rumbu, to mutumin zai wuce ta gabansa salin-alin. Haka abin yake ga motar da aka sace a Kano aka kai rahoto ga 'yan sanda.

3.0 Hanyoyin Haɗawa

Hanyar da ke fara zuwa a zuciyar mutum ita ce a rushe dukkan rumbunan a gina ƙato guda ɗaya wanda kowa zai zuba nasa a ciki. Wannan hanya tana da daɗin faɗi. Sai dai tana cin kuɗi da shekaru, tana tilasta wa hukumomi watsi da na'urorin da suka saba da su, kuma ranar da ɓarawo ya sami shiga ko wuta ta kama, an yi asarar komai a lokaci guda.

Hanya ta biyu ita ce duk hukumomi biyu da ke buƙatar juna a ja musu layi na musamman a tsakaninsu. Idan hukumomin kaɗan ne, babu laifi. Amma lissafi yana nuna inda za a kwana: hukumomi 4 na buƙatar layi 6 kafin kowace ta haɗu da kowace, hukumomi 8 na buƙatar 28, hukumomi 20 kuwa sai an ja layi 190. Bugu da ƙari, duk ranar da hukuma ɗaya ta sauya manhajarta, kamar yadda Kwastan ta yi fiye da sau ɗaya, sai an bi dukkan layukan da suka taɓa ta an sake gyara su.

Hanya ta uku ita ce wadda wannan babi ya ƙunsa.

4.0 Ma'anar Tsarin Gina Manhaja Bisa Hidima

Tsarin gina manhaja bisa hidima, wanda a Ingilishi ake taƙaita sunansa da SOA, hanya ce ta tsara na'urori ta yadda kowace hukuma za ta ci gaba da riƙe rumbunta da manhajarta, amma ta buɗe wata taga wadda sauran na'urori za su iya miƙo tambaya ta cikinta su karɓi amsa. Aikin da ake yi a wannan taga shi ake kira hidima. Alal misali, hukumar da ke riƙe da rajistar 'yan ƙasa tana iya buɗe hidimar tabbatar da mutum: a ba ta lamba, ta amsa da cewa lambar ta wane ce. Hukumar da ke rajistar motoci ta buɗe hidimar tabbatar da mota. 'Yan sanda su buɗe hidimar duba ko ana neman wani.

Misalin injin niƙa zai taimaka wajen fahimta. Uwargida takan aiki yaro da kwanon dawa da kuɗin niƙa, ya dawo mata da gari. Ba ta buƙatar sanin ko injin da man dizal yake aiki ko da lantarki, ko kuma jiya mai injin ya sauya dutse. Abin da ke tsakaninsu sananne ne: ga abin da za a kawo, ga abin da za a biya, ga abin da za a mayar. Muddin wannan bai canja ba, mai niƙa na iya sayen sabon inji ba tare da ya sanar da kowa ba, ita ma tana iya aiken wani yaron dabam. Wannan sassauƙar alaƙa, inda kowane ɓangare ke iya sauya cikinsa ba tare da ya rikita ɗayan ba, ita ce ginshiƙin tsarin baki ɗaya.

Masana sukan ambaci wasu sassa da tsarin ya ƙunsa. Akwai mai bayar da hidima da mai neman ta. Akwai yarjejeniya, wato rubutacciyar ƙa'ida da ke fayyace siffar tambaya da siffar amsa, har da abin da za a ce idan ba a sami abin da ake nema ba. Akwai kundin hidimomi, inda ake jera dukkan hidimomin da ke akwai da adireshin kowace, domin mai nema ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sannan a yawancin lokuta akan sanya wata manhaja a tsakiya mai aikin dillali. Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu a kasuwar Mai'adua ya san aikin dillali: baƙon da ya zo daga Kudu bai san Bafillacen da ya koro shanun ba, wataƙila ma ba sa jin harshen juna, amma dillali ya san su duka, shi ke kai magana ya dawo da ita, shi ne kuma shaida idan an yi gardama. Haka manhajar tsakiya take karɓar saƙo, ta tabbatar mai aikowa yana da izini, ta juya saƙon zuwa siffar da mai karɓa ke ganewa, ta isar, ta kuma rubuta cewa an yi. Da irin wannan dillali, hukumomi 20 layi 20 kawai suke buƙata a maimakon 190.

Dangane da tarihi, manazarta a kamfanin Gartner na Amurka ne suka fara yayata sunan tsarin a 1996. Ya sami karɓuwa ne bayan da aka amince da XML a 1998, wato wata hanya ta rubuta bayanai wadda kowace irin kwamfuta ke iya karantawa, aka kuma fito da ƙa'idar aika saƙo ta SOAP a wajajen 2000. A shekarar 2000 ɗin ne kuma Roy Fielding ya bayyana wata hanya mafi sauƙi mai suna REST a kundin digirinsa na uku, wadda daga baya ta rinjayi ta farko. Bayan 2010 masu sana'ar suka karkata ga rarraba manhaja zuwa ƙananan hidimomi, suka rage dogaro da ƙaton dillali guda ɗaya, saboda an lura shi kansa yakan zama wurin cunkoso. Sunaye da kayan aiki sun sauya, amma tunanin bai sauya ba.

5.0 Yadda Abin Zai Kasance a Bakin Iyaka

A koma ga direban da aka ambata a baya, a ɗauka an kammala irin wannan haɗi. Zai miƙa takardar shaidarsa sau ɗaya. Na'urar jami'in shige da fice za ta aika lambarsa ga hidimar tabbatar da mutum, hotonsa ya bayyana, jami'in ya dubi fuskarsa. A daidai wannan lokaci wata tambayar ta tafi wajen 'yan sanda game da shi da motarsa, amsa ta dawo cewa babu komai. Na'urar Kwastan kuma ta tambayi hidimar biyan kuɗi ko an biya harajin kayan, ta tambayi masu binciken tsirrai ko sun ba da takardar izini. Kowace amsa daga rumbun mai ita ta fito, ba daga wani kwafi da aka ɗauka bara ba.

Abin lura a nan shi ne jami'in Kwastan bai shiga rumbun 'yan sanda ya yi yawo ba. Tambaya ɗaya aka yarje masa, amsarta kaɗai ya gani. Sau da yawa ma amsar ba ta wuce "e" ko "a'a" ba. Wanda yake son sanin ko yaro ya kai shekara 18 ba ya buƙatar a faɗa masa ranar haihuwarsa da sunan unguwarsu.

6.0 Inda Nijeriya Ta Kai

Ba a bakin iyaka aka fi ganin wannan tsari a Nijeriya ba. An fi ganinsa a sha'anin shaidar ɗan ƙasa da na kuɗi. An kafa Hukumar NIMC da dokar 2007, ita ke ba da lambar NIN mai alƙaluma 11. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a Fabrairun 2014. A Disambar 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layin waya da NIN, sannan daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar ga duk mai son rubuta jarrabawarta. Ɗalibin da ya aika lambarsa ta saƙon waya, ya ga sunansa ya dawo masa ba tare da ya rubuta shi ba, ya ga hidima tana aiki da idonsa: na'urar JAMB ce ta tambayi ta NIMC, ita kuma ta amsa. Haka kamfanonin waya da bankuna da ofishin fasfo suke ƙwanƙwasa wannan taga guda.

A ɓangaren kuɗi, a 2015 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan Daura ne, ya tilasta wa hukumomin tarayya amfani da asusun bai-ɗaya na TSA. Daga lokacin aka riƙa biyan kuɗaɗen hukumomi masu yawa ta manhajar Remita, wadda ke tsakanin bankunan kasuwanci da Babban Banki. Makarantar tarayya ba ta buƙatar gina tata hanyar karɓar kuɗi, sai dai ta tambayi hidimar ko an biya.

Ta fuskar ƙa'ida kuwa, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar da wani kundi a 2019 mai suna Ne-GIF, wanda ya tsara ƙa'idojin da na'urorin gwamnati za su bi domin su fahimci juna. A Afrilun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da aikin samar da taga guda ta kasuwanci, wadda manufarta ita ce mai shigo da kaya ko mai fitarwa ya miƙa takardunsa a wuri ɗaya, su kuma hukumomin su yi musayar su a tsakaninsu. Irin wannan aiki yakan fara ne daga manyan tasoshin ruwa da filayen jiragen sama, inda kuɗin shiga ya fi yawa, kafin ya gangaro mashigan kan tudu.

Ƙasar da aka fi buga misali da ita a duniya ita ce Estoniya, wata 'yar ƙaramar ƙasa a arewacin Turai mai mutane kimanin miliyan 1.3. Tun 2001 ta kafa hanyar musayar bayanai mai suna X-Road, inda kowace hukuma ke riƙe da rumbunta, saƙonni kuma na tafiya kai tsaye a rufe, da sa hannun mai aikowa. Ƙa'idarsu ita ce kada gwamnati ta tambayi ɗan ƙasa abu ɗaya sau biyu. Amma ya kamata a tuna cewa jama'ar Jihar Katsina kaɗai sun ninka na Estoniya sau da yawa, kuma can ba a fama da ɗaukewar wuta, don haka kwaikwayon nasu ba zai zama na ido rufe ba.

7.0 Matsalolin da ke Tattare da Tsarin

7.1 Wuta da Layin Sadarwa

Hidima ba ta amsawa sai da wuta da intanet. A wurin da waɗannan ke yankewa, dole mai tsara manhaja ya tanadi yadda na'ura za ta ajiye tambayoyi ta aika su idan layi ya dawo, ta kuma riƙe kwafin abubuwan gaggawa kamar jerin waɗanda ake nema. Akwai kuma haɗarin dogaro da taga ɗaya. A Fabrairun 2022 hidimar tabbatar da NIN ta tsaya na wasu kwanaki, sai ga shi masu neman layin waya da masu neman fasfo sun yi cirko-cirko a faɗin ƙasa, alhali na'urorin waɗancan ofisoshi lafiyarsu lau.

7.2 Sirri da Amana

Tagar da ke sauƙaƙa wa jami'i aiki ita ce kuma ke iya sauƙaƙa wa mugu. A 2024 rahotanni sun fallasa wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan masu NIN a kan kuɗi ƙalilan. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ma mene ne, darasin a fili yake: bai isa a kulle rumbu ba, sai an san wa aka ba izinin tambaya, da abin da yake yi da amsar. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta kafa hukuma ta musamman a kan wannan, ta kuma shimfiɗa cewa kada a tara bayanin mutum fiye da buƙata, kada kuma a yi amfani da shi a kan abin da ba don shi aka karɓa ba.

7.3 Kishin Hukumomi da Siyasar Ƙasashe

Bayani iko ne, wani lokaci ma hanyar samun kuɗin shiga ne, shi ya sa ba kowace hukuma ke son buɗe tagarta ba. Injiniya na iya haɗa na'urori biyu cikin makonni, amma takardar yarjejeniyar da za ta ba shi izini ta shekara a kan tebur. Idan haka abin yake tsakanin hukumomin ƙasa ɗaya, ina ga ƙasashe biyu? Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaddamar da tsarin SIGMAT a 2019 domin hukumomin kwastan na ƙasashenta su riƙa sanar da juna kayan da ke ratsawa. Sai dai a Agustan wannan shekara Nijeriya ta rufe iyakokinta na kan tudu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an sake rufe iyakar ƙasashen biyu har zuwa Maris na 2024, sannan a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Tazarar da ke tsakanin teburin jami'in Kongolam da na takwaransa na Ɗan Barto ba ta da yawa, amma ko na'urorinsu za su yi magana, wannan a Abuja da Yamai ake yanke shi.

7.4 Harshe da Rubutun Suna

Wannan ita ce matsalar da ta fi kusa da ɗalibin Hausa, kuma ita ce aka fi rainawa. Kwamfuta ba ta da hankalin da za ta gane cewa abu biyu masu bambancin rubutu abu ɗaya ne, sai an koya mata. Sunan garin da ake magana a kansa ma ya isa misali: takardun gwamnati na rubuta Kongolam, bakin jama'a na cewa Kwangwalam. Birnin da Bahaushe ke kira Damagaram, a taswira Zinder ne. Idan wata na'ura ta aiko da ɗaya, ɗayar kuma ta san ɗayan kawai, saƙo ya isa amma ba a fahimce shi ba.

A sunayen mutane abin ya fi tsanani. Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mamman duk suna iya zama mutum ɗaya, idan kuma ya yi makaranta a tsallaken iyaka sai ya koma Mahamadou ko Mamane bisa rubutun Faransanci. Usman ya zama Ousmane, Yusuf ya zama Issoufou, A'isha ta zama Aïchatou. Sannan Bahaushe bai gaji sunan dangi irin na Turawa ba. Wani da sunan mahaifinsa yake amfani, wani da na kakansa, wani da na garinsu. Mutum zai zama Sani Abdu a firamare, Sani Abdullahi Daura a sakandare, Abdullahi Sani a banki, saboda fom ɗin ya ce a fara da sunan dangi. Ga kuma sunayen rana da laƙabi, irin su Ɗanladi da Talatu da Ɗanjuma, waɗanda sukan danne sunan yanka. Dattawa da yawa da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba an sanya musu 1 ga Janairu, wanda ke sa ranar haihuwa ta kasa bambance su.

Haruffa masu ƙugiya ma suna da nasu. Tsofaffin na'urori ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba, don haka Ɗanladi kan fito Danladi a wannan rumbu, ya fito da alamar tambaya a madadin harafin farko a wancan. Tsarin Unicode ya tanadi dukkan waɗannan haruffa, amma sai yarjejeniyar hidima ta fayyace cewa da shi za a yi aiki. Akwai ma bambanci tsakanin ƙasashen biyu: abin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, a Nijar ƴ ake rubutawa, duk da tarurrukan daidaita rubutu da aka yi a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Ita kanta alamar ɗauri da ke cikin Sa'idu da Mai'adua wasu manhajoji kan ƙi karɓarta, sai magatakarda ya cire ta, suna ya koma Saidu.

Saboda haka ne masana ke cewa haɗin na'urori hawa-hawa ne. Akwai haɗin waya, wato saƙo ya tashi ya isa. Akwai haɗin ma'ana, wato ɓangarorin biyu su yarda a kan abin da kowace kalma ke nufi: shin "adireshi" inda mutum yake kwana ne ko garinsu na asali, shin "ɗan jiha" wanda aka haifa a can ne ko wanda kakanninsa suka fito daga can? Na farkon aikin injiniya ne. Na biyun sai an zauna da masu ilimin harshe da masu sanin al'ada. Maganin da aka fi dogara da shi shi ne a ba kowane mutum da kowane wuri lamba ɗaya tabbatacciya, a bar suna ya zama bayani a kan lambar. Amma ita lambar ma a kan wani rubutun suna aka fara ɗora ta.

8.0 Matsayin Malamin Makaranta

Ga yara da yawa a karkarar Daura, rajistar aji ɗaya na firamare ita ce takarda ta farko da sunansu ya taɓa shiga. Abin da malami ya rubuta a ranar shi zai bi yaro zuwa takardar kammala firamare, ya shiga ta sakandare. A da, idan an sami saɓani tsakanin takardu biyu, magatakarda kan dubi yaro ya gane shi ne, ya wuce da shi. Yanzu da na'ura ke tambayar na'ura, babu mai duban fuska. Idan sunan da ke rumbun NIMC ya saɓa da wanda ke kan sakamakon jarrabawa, ɗalibi na iya cin jarrabawa amma ya tsaya a ƙofar shiga jami'a, sai ya yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu da neman gyara, da kuɗin mota da na gyaran, wani lokaci har zangon karatu ya wuce shi.

Don haka ana buƙatar malami ya tambayi uba cikakken sunan yanka na yaro, ya bambance shi da laƙabi, ya nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya idan akwai, ya kwafi rubutun da ke cikinta harafi da harafi ko da shi yana ganin akwai wanda ya fi shi daidai. Idan babu takarda, sai a tsayar da rubutu ɗaya da jerin suna ɗaya a gaban uban, a karanta masa, a kuma rubuta masa a 'yar takarda ya tafi da ita gida, domin ranar da za a kai yaron rajistar NIN a miƙa wa jami'i ya kwafa.